Ƙafar da Ta Ci wa Manjo Zaɓe

Ciwon ya fara ne a babban yatsan ƙafarta ta hagu, a ƙarshen watan Agusta. Ɗan ƙurji ne da sabon takalmi ya yi mata. Verna Stidham ta wanke shi da ruwan gishiri, ta ɗaure da tsumma, ta koma gaban murhu, domin mutum goma sha bakwai na jiran karin kumallo a bayan ƙofar ƙarfen da ke jikin kicin ɗinta.

A gundumarmu ta cikin duwatsun Kentucky haka abin yake tun kaka da kakanni. Wanda aka zaɓa sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, a ginin kurkuku yake zama da iyalinsa, su a gaba, fursunoni a baya, kuma matarsa ce ke dafa wa fursunonin abinci sau uku a rana. Ba a zaɓen matar, ba a kuma tambayarta. Shekara huɗu Verna ta yi tana wannan bauta da ciwon suga a jikinta.

Takalmin ma ba ita ta saya ba, mijinta ne, Manjo Elwood Stidham, wanda ya dawo daga yaƙin Koriya da muƙamin manjo, ya tsaya takara, ya ci da gagarumin rinjaye. Tun daga lokacin ba a ƙara jin sunansa na yanka a bakin kowa ba, har ita matarsa Manjo take ce masa. To, wa'adinsa ya zo ƙarshe, kuma dokar jiha a wancan zamani ta hana sherif ya zarce, sai ya sauka wani ya ɗana. Manjo kuwa ba a halicce shi don sauka ba. Sai ya bi dabarar da kowa ya sani: a sa sunan matarka a takardar ƙuri'a, in ta ci ta naɗa ka babban mataimakinta, ka ci gaba da zama a kujerarka, ita ta ci gaba da zama a kicin. Sai dai dabarar tana da sharaɗi ɗaya. Mutanen kwarurukanmu ba sa jefa wa mutum ƙuri'a sai ya hau dutse da ƙafarsa, ya tsaya a barandarsu, ya sha kofinsu. Kuma mai sunan suke son gani, ba wakili ba.

Bai nemi shawararta ba. Yana shan kofi ya ce, "Ranar Litinin za ki je ki sa hannu. Ga takalmi nan, ki fara sabawa da shi. Mata suna kallon ƙafa."

Kafin tsakiyar Satumba bakin yatsan ya yi baƙi. Manjo da kansa ya kai ta wajen Dokta Pruitt, ya kuma shiga har ɗakin dubawa ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hammata. Likitan ya kwance tsumman, ya danna wurin da ɗan yatsa, ya ce, "Kin ji?"

"Ban ji ba."

Ya danna can gaba kaɗan. "Nan fa?"

"Kaɗan."

Ya cire tabarau ya goge. "Manjo, wannan ba na nan ba ne. Asibitin birni za ta je, gobe in da hali. Yatsan ba na jin zai tsira, amma in aka cire shi yanzu, ƙafar za ta tsira. Sati uku a kwance, ba takawa."

"Sati uku," in ji Manjo, a hankali, kamar yana ɗanɗana maganar. "Dokta, ka san kwari nawa ya rage mu zaga? Ashirin da shida. Ka san kuma abin da abokin hamayyarmu Delmer Caudill zai ce in ya ji tana asibiti? Zai ce na tsayar da majinyaciya. Ba ma sai ya yi yawo ba, a kwance zai ci."

"Ai ni maganar ƙafa nake yi."

"Ni ma ita nake yi. Wace ƙafa ce ba za ta jira a gama zaɓe a Nuwamba ba? Na ga yara a Koriya sun yi tafiyar kwana tara da yatsu a daskare, ba wanda ya ce a kai shi birni." Ya ɗan yi murmushi. "Kai ma fa sunanka na kan takardar nan, a ƙasan nata. In aka yi ruwa, tare za mu jiƙe."

Gaskiya ne, Dokta Pruitt yana neman komawa kujerar mai binciken gawa na gunduma, kuma a jam'iyya ɗaya suke. Verna tana kallon fuskarsa ta ga lokacin da likitan ya fita daga cikinta, ɗan takara ya shigo. Ya mayar da tabaransa, ya ɗauko man shafawa, ya ce ta riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi duk lokacin da ta samu sarari. Bai yarda sun haɗa ido ba har suka fita.

Sarari kuwa babu. Ƙarfe biyar take tashi ta kwaɓa burodin masara, ta ɗora wake, ta soya dankali. Ƙarfe tara tana cikin mota kusa da Manjo, ta cusa ƙafar cikin takalmin. Inda hanya ta ƙare su sauka su kama hawa, shi a gaba yana taku irin na fareti, ita a baya tana cije leɓe. A kowace baranda shi ke magana, ita ta miƙa hannu, ta yi murmushi, ta yaba kofi. Abin da ya fi ba ta tsoro ba zafin ba ne, wuraren da suka daina zafi ne.

A can ƙuryar wani kwari akwai tsohuwa Dicie Napier, wadda 'ya'ya da jikokinta suka kai ƙuri'a talatin, kuma inda ta nuna nan suke dangwalawa. Suna zama a barandarta tsohuwar ta ɗaga hanci.

"Yarinya, cire takalmin nan in gani."

Manjo ya yi dariya. "Kaka, ai mun zo neman ƙuri'a ne, ba neman aure ba, da za ki duba mana ƙafa."

"Ba da kai nake ba, ɗan nan. Na san warin nan. Shi na shaƙa a ɗakin marigayi mijina wata biyu kafin a binne shi." Ta dubi Verna. "Ko ƙarya nake?"

Verna ta buɗe baki. Ta ji idon Manjo a gefen fuskarta. Ta ce, "Ɗan ƙurji ne, Kaka. Yana warkewa."

"To," in ji tsohuwar, ta tofar da taba a ƙasa. "Ƙafarki ce."

Suka koma mota, Manjo ya ja har suka hau kwalta. Sannan ya ce, "Kin ɗingisa a gabansu. Tun daga rafi kike ɗingishi, ina kallonki."

"Manjo, ba na iya taka shi."

"Kina iyawa. Ba ki koya ba ne."

Ya kuwa koya mata. Da yammacin ranar, bayan ta tura wa fursunoni abinci, ya tsayar da ita a dogon lungun da ke tsakanin kicin da ofis, ya koma can ƙarshe ya harɗe hannu a baya. "Nauyi a kan dunduniya. Kafaɗa daidai. Kar ki kalli ƙasa. Hagu, dama, hagu. Koma." Sau goma sha ta je ta dawo, gumi na zuba mata, fursunoni na jin ƙarar takalmin ta cikin ƙarfe. Da ta iya zuwa ƙarshen lungun ba tare da karkacewa ba, ya gyaɗa kai ya ce, "Kin gani? Duk a zuciya yake." Shi a ganinsa taimakonta ya yi, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai game da mutumin.

Farkon Oktoba ƙanwarta Maxine ta shigo ba zato ta same ta tana canza tsumma. Baƙin ya cinye yatsu uku, ya haura bayan ƙafa, ga wani jan layi ya miƙe ya nufi idon sawu. Maxine ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa.

"Yaya, kashe kanki za ki yi? Tun yaushe?"

"Rage murya, yana ofis."

"Ya ji mana. Ranar Alhamis zan zo da mota, ƙarfe takwas, ki haɗa kayanki. Ko sama da ƙasa za su haɗu sai na kai ki birni." Ta tashi a fusace ta nufi ofis.

Verna tana jin su ta bango. Manjo bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Ya ba Maxine kujera, ya ce babu wanda ya kai shi damuwa, ko barci ba ya yi saboda ƙafar nan. Ya ce Dokta Pruitt na dubawa, ko ita ta fi likita sani ne? Ya ce washegarin zaɓe shi da kansa zai kai ta, a motar gwamnati, da jiniya. Sannan ya tambaye ta lafiyar mijinta Coy, wanda shi ne ƙaramin mataimakinsa, da yaransu huɗu.

"Kin san in Delmer ya hau, ranar farko zai sallami duk wanda ya yi aiki da ni. Coy sai dai ya koma ramin kwal, da wannan ƙirjin nasa. Ni ba komai, ina da fansho na soja. Ku nake ji."

Ranar Alhamis Verna ta haɗa 'yar jakarta ta ɓoye a bayan buhun wake. Takwas ta yi, tara ta yi, azahar ta wuce, shiru. Sai ranar Asabar Maxine ta zo, idonta a kumbure, ta kawo takalmi mai faɗi da kwalbar turare.

"Sati huɗu kawai ya rage, Yaya. Kin daure sati shida, mene ne sati huɗu? Ki riƙa fesa wannan a kan safar."

Verna ta karɓa ta ce ta gode. Ba ta yi kuka ba sai da ta ji tashin motar.

Ta gwada fasto. Bayan sujada ranar Lahadi ta tsaya a baya ta gaya masa a taƙaice. Ya riƙe hannunta biyu, ya ce, "'Yar'uwa Verna, Ubangiji ba ya ɗora wa bawansa abin da ya fi ƙarfinsa. Manjo mutum ne mai tsari, na tabbata ya san abin da yake yi. Za mu sa ki a addu'a, amma ba zan ambaci suna ba, kin san lokacin da ake ciki." Ta fito ta tarar da Manjo a bakin coci yana gaisawa da jama'a, ya miƙo mata hannu ta riƙe don sauka daga matakala, mata suna cewa kai, wannan miji da kula yake.

Saura kwana goma sha biyu zaɓe ta yi ta maza. Manjo ya tafi kotu da safe, ta gama abincin rana da wuri ta rufe, ta ɗauki jakar, ta bi bayan gari tana dafa shinge har ta isa gaban kantin magani inda motar birni ke tsayawa ƙarfe goma sha ɗaya. Tafiyar minti biyar ce, ta yi ta a minti arba'in. Ta zauna a kan benci, zazzaɓi na kaɗa ta, tana kallon hanya. A ranta ba ta neman komai sai a bar mata ƙafar da za ta tsaya a kai, ko da babu yatsa ko ɗaya.

Motar da ta fara zuwa ba ta birni ba ce, ta 'yan sanda ce. Coy ya fito ya cire hula, yana murza ta a hannu.

"Yaya Verna, Manjo ya ce in zo in ɗauke ki. Mai kanti ne ya buga masa waya, wai ya ga kamar ba ki da lafiya."

"Ba ni da lafiya, Coy. Shi ya sa nake nan."

"Na sani, Yaya. Don Allah kar ki sa ni a tsakiya. Mutane na kallo."

Suna kallo kuwa, ta tagar aski, ta ƙofar banki. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. A duk faɗin gundumar nan, matar da mijinta ya zalunta wuri ɗaya take kai ƙara, ofishin sherif, ita kuwa can za a mayar da ita. Motar birni ta iso, ta tsaya, direba ya buɗe ƙofa ya ga ɗan sanda tsaye a kanta, ya rufe ya wuce. Coy ya ɗauki jakar.

Manjo bai yi faɗa ba. Ya karɓi jakar ya sa a kabad ɗin ofis inda ake ajiye kayan fursunoni, ya kulle. "Soja ba ya barin bakin aiki saura kwana goma sha biyu," ya ce. "Ana cewa mai yin haka wani suna, ba zan faɗa miki ba, don ke matata ce. Je ki kwanta awa ɗaya. Akwai taro a makaranta ƙarfe huɗu."

Kwanakin da suka biyo baya ba ta iya tuna su daki-daki. Ta san takalmin Maxine ma ya daina shiga, sai da aka tsaga gefensa. Ta san ta tsaya a kan dandamali sau uku, Manjo riƙe da gwiwar hannunta, ana tafi. Ta san wani tsohon mashayi da ke tsare ya dube ta ta ƙaramar tagar da take tura abinci ya ce, "Madam, mu da ke ciki mun fi ki 'yanci," ya kuma ƙi karɓar kwanonsa don kunya. Ranar zaɓe ta jefa ƙuri'arta da safe aka ɗauke ta hoto. Ko sunan da ta dangwala wa ba ta gani ba, idonta ya rufe da zazzaɓi.

Ta ci, da ratar ƙuri'a ɗari huɗu da wani abu. Washegari ba a tafi birni ba, domin Delmer Caudill ya nemi a sake ƙirga akwati biyu, Manjo ya ce ba zai yi kyau a ga 'yar takara ta bar gari ba. Kwana uku aka ƙara. A na huɗu ta faɗi a gaban murhu da tukunyar wake a hannu, fursunoni suka yi ta dukan ƙarfe da kwanuka har aka zo. Sannan ne aka kai ta, a motar gwamnati, da jiniya, kamar yadda ya yi alkawari.

A saman gwiwa suka yanke ƙafar. Likitan da ya yi aikin, wani saurayi da bai san kowa a gundumarmu ba, ya tambaye ta yaushe abin ya fara. Da ta gaya masa ya ce, "Da a Satumba kika zo, da yatsa ɗaya ne." Ta ce ta sani.

Mu kuwa a gida sai muka shiga tausayin Manjo. Jaridar gari ta rubuta cewa sabuwar sherif ta ɓoye ciwonta har ga mijinta saboda kishin jama'a. Matan coci suka yi ta kai masa abinci. Mai kantin magani ya ce shi tun ranar nan ya lura, shi ya sa ma ya buga waya. Dokta Pruitt, wanda shi ma ya ci kujerarsa, ya ce ciwon suga haka yake, ba ya sallama. Babu wanda ya yi ƙarya tsagwaronta, kowa dai ya ɗan gyara tasa. Mun ga matar nan tana jan ƙafa a barandunmu, mun shaƙi abin da tsohuwa Dicie ta shaƙa, muka ba ta kofi, muka ba mijinta ƙuri'a.

An rantsar da ita ranar Litinin ta farkon Janairu, a falon gidan, tana zaune, an rufa mata bargo a cinya don hoto. Da baƙi suka watse Manjo ya ajiye takarda a gabanta, ta naɗa shi babban mataimaki, ya miƙa mata alƙalami.

Ta daɗe tana kallon takardar. "In na ƙi fa?"

Bai ji haushi ba. Ya zauna a gefenta, ya yi magana a tausashe. "Ke ce sherif, kina da iko. Sai dai ɗakin kwana a sama yake, bayan gida ma a sama. Matakala goma sha shida. Tun da kika dawo wa ke hawa da ke, wa ke saukowa da ke? Maxine? Ki yi tunani, ba gaggawa."

Ta sa hannu.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, fuskarsa ta washe. "Yanzu zo ki ga abin da na sa aka yi miki." Ya ɗauke ta cak, ya bi da ita ta lungu zuwa kicin. A gaban murhu ga wata doguwar kujera ta katako, sabuwa fil, an sa mata ƙananan tayoyi, da madauri na fata a tsakiya. Wani kafinta da ke tsare ne ya yi ta, Manjo da kansa ya auna tsayin murhun ya ba shi. Ya ɗora ta a kai, ya zagayo da madaurin ya ɗaure mata a ƙugu, ya tura ta gaba da baya ya ga tana tafiya sumul daga murhu zuwa tebur.

"Kin gani? Ba sai kin tsaya ba ma. Wata biyu Coy ke dafa musu, sun kusa yi mana bore."

Verna ta dubi tukwanen da aka jera mata daidai inda hannunta zai kai. Komai an yi shi da tsari.

Manjo ya duba agogonsa, ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Su ashirin da biyu ne yanzu. Ƙarfe shida suke ci."